Kalmar Turanci ta mutumin da ba a sanin inda ya dosa

Malam, ka tambayi yadda ake siffanta mutumin da yau fara'a, gobe faɗa, ba a iya hasashen halinsa. Kalmar da kake nema ita ce "erratic". Ana furta ta i-RA-tik, da ƙarfi a gaɓar tsakiya. Tushenta Latin ne, "errare", wato gararamba ko ɓatan hanya.

Ba halin mutum kaɗai take ɗauka ba. Direban da ke karkata hagu da dama, yana taka birki ba dalili, tuƙinsa "erratic driving" ne. Wutar da ake kawowa a ɗauke ba tsari, jaridu kan rubuta "erratic power supply". Haka ma damina mai tsallake. In yadda aka yi abu za ka bayyana, sai ka ce "erratically".

Don Allah ka kula da harshenka, kada ta koma "erotic", wadda ta shafi sha'awar jima'i. Kuma duk da tushenta ɗaya da "error", ba ta nufin mai yawan kuskure. Rashin tsari take nufi.

Idan kuwa wani naka ne halinsa ya juya kwatsam, ko bugun zuciyarsa ya rikice, a kai shi wurin likita da wuri.