Amsa: Me ya sa ƙanena yake kewar Arsenal ta 2004 alhali ba a haife shi ba?

Ɗan'uwa, ka ce ƙanenka yana ba da labarin Thierry Henry, ɗan wasan gaban Arsenal a kakar da ta kammala gasar Firimiya ba a doke ta ba, kamar a gabansa aka yi, kana tambayar daga ina wannan kewa ta fito. Daga finafinan tarihin ƙwallo ta fito, da guntayensu da ke yawo a waya.

Mai shirya fim yakan ɗauki wata tara na kakar wasa ya matse su cikin awa guda. Zai rage gudun hoto a daidai lokacin da bugun fanaretin Van Nistelrooy na Manchester United ya daki sandar saman ragar Arsenal a Old Trafford, Satumban 2003, ya sa kiɗa mai sanyi, sannan ya kawo Henry zaune a kujera yana tunawa da murya ƙasa-ƙasa. Wane yaro ne zai kalli wannan zuciyarsa ba ta kamu ba?

Mu magoya bayan Arsenal da muka kalla a gidan kallo, a kan benci, janareto na tari, mun san sauran labarin. Cikin wasa 38 na Firimiya an ci 26, an yi canjaras 12, wasu ma da ƙyar da jiɓin goshi. A Afrilun 2004 Manchester United ta fitar da mu daga kofin FA, bayan kwana uku Chelsea ta kore mu daga gasar Zakarun Turai a Highbury, filinmu na lokacin. Daren nan ko tuwo ban iya ci ba. Irin wannan ne fim ke tsallakewa da sauri.

Duk da haka kada ka hana shi, so ne na gaskiya. Ka nemo cikakken wasan Chelsea ɗin, minti 90, ku zauna ku kalla tare.