Injiniyoyin Yukiren da neman aiki a waje

Malam, ka tambaya ko injiniyoyin Yukiren duk sun tsere Turai. A'a. A Fabrairun 2022, da Rasha ta kai wa ƙasar hari, an hana galibin maza 'yan shekara 18 zuwa 60 fita, don haka mata da yara ne suka fi yawa a Jamus da Poland. Tarayyar Turai ta ba su izinin aiki, amma abin takaici, kafin a amince da takardun injiniya, ga wahalar Jamusanci, sai ka tarar da mace injiniya tana jera kaya a sito. Kuɗin ne ke riƙe su a can: mafi ƙarancin albashi a Yukiren hiribniya (kuɗin ƙasar) 8,000 ne a 2024, na Poland ya ninka shi fiye da sau huɗu. Masu aikin kwamfuta a birnin Lviv na yammacin Yukiren su ke da dama-dama, suna yi wa kamfanonin waje aiki da janareta idan an ɗauke wuta.