Me Ya Sa Ake Zubar Da Ƙasar Da Aka Haƙa, A Ɗauko Wata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni direban tifa ne a Jidda. Na taɓa aiki a wurin shimfiɗa layin dogo, da safe mu kwashe ƙasar da katafila ta tono mu kai juji, da rana a tura mu nesa mu ɗauko wata. Wannan ba almubazzaranci ba ne? Ko dai wani ne ke cin kuɗin lodi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ban ga laifinka ba da ka yi zargi, amma sau da yawa ƙasar ce ba ta da kyau.

Jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara. Saboda haka ake yanke tudu a cike kwari, kuma burin kowane injiniya shi ne abin da aka yanko daga tudun ya wadatar da kwarin da ke kusa. Ƙasa ba ta da tsada, ɗaukarta ce mai tsada: gas, taya, da lokacinku na direbobi. Tun kafin a sa katafila ake zana taswirar lodi, a san wace ƙasa za ta tafi ina.

To, amma dubi layin Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, mai tsawon kusan kilomita 450 daga Makka zuwa Madina ta Jidda. Jirginsa na gudun kilomita 300 a awa. Ƙasan irin wannan layi in ya lotsa ko da ɗan kaɗan, an shiga uku. A gefen teku kuwa, wajen Jidda da Rabig, akwai ƙasa mai gishiri wadda Larabawa ke kira sabkha. Ka gan ta a bushe kamar dutse, ruwa na taɓa ta gishirin ya narke ta zube, ga shi tana cin kankare da ƙarfe. Ni dai ba zan sa hannu a zuba ta ƙarƙashin dogo ba. 'Yan'uwanmu na Jazira a Sudan su ma sun san tasu, baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani.

Sauran kuma ba ta da dalilin zuwa juji. Ƙasar sama a tara ta gefe, a lulluɓe gefen ciko da ita daga baya. Dutsen da aka fasa a niƙa shi ya zama tsakuwa. Baƙin dutsen da ya kewaye Madina ƙarfinsa ya isa. Laka mai dama-dama a gauraya ta da siminti ko farar ƙasa. Yashi da burji kuwa kai tsaye, a shimfiɗa kamu ɗaya ko sama da haka kaɗan, a yayyafa ruwa, rola ta danne, a gwada, sannan a ƙara wani.

Inda nake ganin ɓarna ta gaske shi ne cakuɗawa. Mai katafila na sauri, ya haɗa burji mai kyau da ƙasar gishiri a tifa ɗaya, shi ke nan duka sun zama shara. Ko a yanke tudu tun ba a shirya kwarin ba, a rasa wurin ajiya.

In ka sake samun irin wannan aiki, tambayi fomanku sakamakon gwajin ƙasar da kake kai wa juji. In an gwada ta faɗi, magana ta ƙare. In ba a ma gwada ba, to zarginka na da tushe.