Kwangilar suwaita 80 ta makaranta: in karɓa ko in bari?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mai saƙar hannu ce a Jos, shekarata bakwai a kan sana'ar. Ina saƙa suwaita, da hula da safar jarirai, da shawul. Suwaitar yaro ɗan firamare tana cin min ulu na naira 4,500, maɓalli da kuɗin mota kamar 500, in sayar da ita 9,000. Yanzu mai wata makaranta mai zaman kanta ta ce in yi mata guda 80 masu maɓalli a gaba, kalar makarantar, cikin mako takwas, amma a kan 7,000 kowace ɗaya. Ban taɓa samun aiki mai yawa haka ba. Wasu sun ce in ci bashi in sayi injin saƙa, wasu sun ce in tara mata mu yi da hannu. Me kike gani?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Shekara bakwai mace tana riƙe da allurar saƙa ba wasa ba ne, kuma da aikinki ba shi da kyau da mai makarantar nan ba ta neme ki ba.

A lissafin da kika kawo akwai abu ɗaya da ba ki sa ba, kuma shi ne ya fi komai tsada: lokacinki. Da na sake tambayarki kin ce suwaita ɗaya tana ɗaukar ki kwana huɗu, kina yi tsakanin girki da hidimar yara, wajen awa biyar a yini. Awa 20 ke nan. A farashinki na yau, in an cire 5,000 na kaya daga 9,000, saura 4,000. Raba ta gida 20, kowace awa naira 200 take kawo miki. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, wanda in an raba shi a kan awannin aikin ma'aikaci yana kamawa kusan naira 400 a awa. Ashe tun kafin maganar makaranta ta taso, rabin haka kike biyan kanki. Wannan 4,000 da kike kira riba ladan hannunki ne, shi ma bai cika ba.

To a kan 7,000 fa? Saura 2,000, wato naira 100 a awa. Riguna 80 kuma awa 1,600 ne. Ko kullum za ki zauna awa shida babu fashi har mako takwas, awa 336 kawai za ki haɗa, riga 16 ko 17. Sai kin nemo mata huɗu ko biyar masu saurin hannu irin naki. Wace mace ce za ta yarda ta yi kwana huɗu a kan riga ɗaya a ba ta 2,000? In ma ta yarda don kunya ko zumunci, ke me ya rage miki? Ga zirga-zirgar kai ulu da karɓo aiki, ga gyaran rigar da hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da hannu zalla, a wannan farashin, kada ki karɓa. Na san maganar ba daɗi, don 560,000 a dunƙule tana cika ido, amma 400,000 daga ciki ta mai ulu ce da mai maɓalli da direba.

Ba mugunta mai makarantar ta yi miki ba. Farashin inji ta ba ki, domin da shi take kwatantawa: kayan kamfani da ake shigowa da su daga Sin, da aikin masu injin saƙa, da gwanjon da iyaye ke tsinta a kasuwar Katako. Hannu ba ya tsere da inji a fagen araha. Mu da muka tashi muna ganin bambancin babbar riga aikin hannu da aikin keke, ko hular da aka yi wata guda ana ɗinkawa da wadda inji ya buga, mun san kowace da mai sayenta. Ba mai hankalin da zai kai aikin hannu layin da ake neman mai arha.

Maganar inji kuwa, ban hana ki ba, amma ban yarda ki ci bashi saboda kwangila ɗaya ba. Injin saƙa na gida, irin mai allurai 200, sai an koye shi, kuma mako takwas ya yi kaɗan a ce a ciki za ki saya, ki koya, ki ɓata zare, sannan ki fitar da riga 80 masu kyau. Yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa tsofaffi ne. Kamfanin Brother, alal misali, ya daɗe da daina ƙera su, don haka wasu kayan gyaransu sai an cire daga jikin wani tsohon. Akwai wani dogon soso da ke danne allurai a ciki, in ya mutu inji sai ya riƙa zubar da saƙa, mai sabon shiga kuma ba za ta gane dalili ba. Sannan irin wannan injin ba ya cin ulu mai kauri da kike saƙa da shi, siririn zare na kan kwarkwaro yake so. In kin ɗora bashi mai ruwa a kan duk wannan, ga haramci ga asara.

Hanyar da nake ganin ta fi ita ce ta tsakiya, kuma ba sabuwa ba ce a duniyar saƙa. A tsibiran Shetland da ke arewacin Sukotlan, inda saƙa ta daɗe tana ciyar da gidaje, an yi zamanin da ake saƙa jikin suwaita da hannuwanta a inji, sannan mata su ɗauka su saƙa adon wuya da kafaɗa da hannu. Inji ya yi aikin wahala, hannu ya yi wanda ido ke gani. Ke ma ki nemi mai inji a nan Jos ko Bukuru, ki tambaye ta nawa za ta buga miki gaba da baya da hannuwa na riga ɗaya in ke kika kawo zare. Kada ki tsaya a kan abin da ta faɗa da baki. Ki biya ta ta yi guda ɗaya a gabanki, ki duba agogo, ki ɗora rigar a sikeli ki ga giram nawa ta ci. Ke kuma naki shi ne haɗawa, da bakin wuya, da gidan maɓalli, da guga. In lissafin ya nuna bayan zare da ladanta da ladanki na awa biyu ko uku akwai abin da ya saura, sai ki koma wa mai makaranta. In bai nuna ba, ki gaya mata farashin da zai yiwu, ko ki ce za ki iya 30 a zangon nan. Gara ki ba ta haƙuri yau da ki ba ta kunya ranar komawa makaranta.

Idan kun daidaita, kada ki fara sai da kafin alƙalami wanda zai sayi zaren duka, aƙalla kashi 60 cikin 100, kuma a rubuce: adadi, girma-girma, kala, ranar bayarwa, ranar cika kuɗi, da sa hannun shaida. Irin wannan ciniki na a ba da aiki a ƙera malaman fiƙihu suna kiransa istisna'i, kuma sharaɗinsa shi ne a fayyace siffar abin tun farko don kada a yi jayayya. Dalilin sayen zare gaba ɗaya biyu ne. Tun da aka saki naira a 2023 farashin duk abin da ke da alaƙa da dala ba ya zama wuri ɗaya, kuma abin da muke kira ulu a kasuwa yawancinsa zaren roba ne na masana'anta, ba gashin tumaki ba. Na biyun ya fi ɓata aiki: kala ɗaya daga kamfani ɗaya tana iya bambanta in ba a tukunya ɗaya aka rina ba. Shuɗi mai duhu da kika saya yau da wanda za ki ƙaro bayan mako uku, a cikin shago iri ɗaya ne, amma ranar da yara suka yi layi a rana kowa zai ga bambanci. Ki duba lambar rini a jikin takardar in akwai, ki kuma ƙara ɗan abin da zai rage saboda gyara. Ki tuna fa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da kuɗin nan ya shiga hannunki, ba sauran uzurin biki ko baƙi.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, ko an yi kwangilar ko ba a yi ba. Kin ce duk salon saƙarki a ka yake, ba ki taɓa rubutawa ba. Wannan shi ne ya ɗaure sana'arki a jikinki. Muddin a kanki yake, ba wadda za ta iya taya ki ta fitar da irin naki, kuma ranar da ciwon wuya ko na yatsu ya kwantar da ke, ciniki ya tsaya. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowace riga ki ba ta shafinta: irin zare, lambar allura a milimita, ido (wato maɗaukin zare a kan allura) nawa kika ɗora a farko, layi nawa kafin hammata, inda kike ragewa, faɗin ƙirji da tsawon hannu a santimita, giram nawa ta ci, awa nawa ta ɗauka. Kafin ki ba wata aiki, ta fara saƙa ɗan ƙyalle, ki sa tef ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. Wata hannunta a matse yake, wata a sake, kuma bambancin ido biyu a wannan ɗan ƙyallen yana iya mayar da rigar ɗan shekara takwas ta zama ta ɗan shekara shida. A nan ake gyarawa, ta hanyar canza mata lambar allura.

Salon da kike gani a YouTube ko Ravelry, shafin intanet na masu saƙa, su ma sai kin bi da su ta wannan gwajin. An rubuta su ne da zaren ƙasashen waje, Amurkawa kuma da inci suke awo, lambar allurarsu ma daban take: abin da suke kira lamba 8 shi ne milimita 5. Wasu salon kyauta ne, wasu na sayarwa, kuma hakkin mai shi ne kada ki kwafe rubutunsa ki sayar. Naki da kika ƙirƙira kuwa dukiyarki ce. Da littafin nan za ki iya buɗe ajin koyarwa a tsakar gidanki a watannin zafi, Maris zuwa Mayu, lokacin da ba mai tambayar suwaita, kuɗin koyo da na takardar salon su riƙe ki.

Saƙar hannunki kuma ki kai ta inda ake biyan hannu. Kayan jarirai su ne gaba: hula da safa ba sa cin zare, suna fita cikin 'yan awanni, kuma haihuwa ba ta jiran hunturu. Mai zuwa barka ko suna tana son abin da za a ɗaga a ce wa ya yi wannan, ba ta cika ja-in-ja a kan 1,000 ba. Shawul mai sunan jariri, ko suwaitar da aka auna jikin dattijo aka yi masa, gwanjo ba shi da su. Kin kuma yi sa'ar gari, don Jos sanyinta biyu ne, na hunturu daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu da na tsakiyar damina a Yuli da Agusta, alhali 'yar'uwarki ta Kano ko Sakkwato kaka ɗaya take da ita. Sabon farashin suwaitar yaro ki fara shi daga 13,000, wato kaya 5,000 da awa 20 a kan 400, kafin ma a zo maganar riba. Wasu tsofaffin masu saye za su ja baya. Ki bar su su tafi, ki cike lokacin da ƙananan kaya masu saurin fita.

In bayan shekara kin ga makarantu biyu ko uku suna dawowa, lokacin maganar inji ta yi. Ki shiga adashe tun yanzu da niyyarsa, ko ki tambayi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJ, yadda tsarinsu na murabaha yake, inda su za su sayi injin su sayar miki a kan ribar da aka sani, ki biya kaɗan-kaɗan. Ranar sayen ki tafi da wadda ta iya, ku ɗauki zarenku, a saƙa gaban riga guda a kansa kafin ki miƙa kuɗi.