Tambaya da amsa: wai garin ƙarfe za a riƙa ɗura wa mutane kafin hoton CT?

Tambaya daga wani ɗan uwa a Anka: Salam likita. Mun kai mahaifiyata Gusau hoton CT na ciki, aka ce sai an fara gwada ƙodarta kafin a sa mata ruwan allurar da ke haska hoto. To kuma sai na ji wai masana na ƙoƙarin maye gurbin ruwan da wani garin ƙarfe mai laushi. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaranmu, ta yaya ƙarfe a jini zai fi lafiya?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Tsoronka na kan hanya, duk wanda ya san abin da ya faru a Bagega da Dareta a 2010, inda gubar dalma daga dakan dutsen zinare ta kashe yara aƙalla 400, dole gabansa ya faɗi in ya ji an ce ƙarfe.

Amma bari ka ji dalilin ruwan tukuna. Hasken eksire, wanda na'urar CT ke amfani da shi, yana ratsa tsoka da jini kamar ba komai, ƙashi ne ke tare shi shi ya sa yake fita fari. In ana son ganin jijiyar jini ko ƙari a hanta sai an sa wani abu mai nauyi da zai tare hasken. Ruwa mai sinadarin aidin ake sawa ta jijiya, na hanji kuma a ba mutum bariyom ya sha, wani farin abu mai kauri kamar kunu. Aidin ɗin yana aiki, yawancin mutane ɗumi kawai suke ji a jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki shi ke nan. Matsalarsa dai ta ƙoda yake fita, in ƙodar dama ta raunana kamar ta mai ciwon suga ko tsoho yana iya ƙara mata nauyi, dalilin gwajin da aka ce a yi wa Hajiya ke nan. Wasu kuma jikinsu bai karɓarsa, ƙaiƙayi, kumburi, can ba a rasa ba har numfashi ya sarƙe. Sannan ba ya jimawa a jini, cikin mintoci ya watse, mai ɗaukar hoto sai ya yi ta tsere da lokaci.

To su masanan abin da suke haɗawa ƙarfe ne da ya riga ya haɗu da oksijin, kamar dai yadda tsatsa take ga baƙin ƙarfe, a ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ake aunawa da nanomita. Silin gashi ɗaya kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000, su kuwa waɗannan wasunsu ba su wuce 5 ba. An fi gwada tantalom da bismut da hafniyom, lambarsu a jadawalin sinadarai 73 da 83 da 72, aidin kuwa 53, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon tare haske, musamman haske mai ƙarfi irin wanda ake buƙata ga mai jiki. Tantalom ɗin ma daga dutsen tantalait ake samunsa, wanda ake haƙa har a nan Najeriya.

Bambancinsa da dalma shi ne narkewa. Dalma narkewa take a jiki, ta kwaikwayi kalsiyom, sinadarin da ke gina ƙashi, ta shige ƙashi da ƙwaƙwalwa ta zauna. Tantalom mai oksijin kuwa kusan ba ya narkewa, ba ya shiga harkar jiki, ƙarfen kansa ma likitocin ƙashi sun daɗe suna dasa shi a jikin mutane. Sai a lulluɓe kowace ƙwaya da wata riga mai son ruwa don kar su dunƙule, a kuma daidaita girmanta, in ta gaza nanomita 5 zuwa 6 ƙoda za ta tace ta ta fita a fitsari, in ta fi haka sai ta daɗe tana yawo a jini, hoto ya yi kyau, amma ƙarshenta hanta da saifa su kama ta su riƙe. Nan gizo ke saƙar.

Kuma irin wannan garin ƙarfe ya taɓa jawo matsala a baya. Daga wajen 1930 zuwa shekarun 1950 an yi amfani da Thorotrast, shi ma ƙarfe ne mai oksijin, na toriyom, hotonsa gwanin kyau. Ashe ya maƙale a hanta yana fitar da tururin nukiliya, bayan shekara ashirin talatin mutane suka fara kamuwa da kansar hanta. Tantalom da bismut ɗin da ake gwadawa ba su da wannan matsalar, amma ni a ganina duk wanda ya ce sun fi aidin lafiya ya yi gaggawa, har yanzu mafi yawan aikin a kan ɓeraye da aladu yake, ba abin da za ka tarar a ɗakin hoto ba ne a Gusau ko Birnin Kebbi.

Hajiya aidin za a sa mata. Ku yi gwajin ƙodar, ku gaya masu in tana shan maganin suga na metformin ko tana da asma ko ta taɓa samun matsala da irin ruwan nan, kuma ta sha ruwa sosai kafin hoton da bayansa in dai likitanta bai taƙaita mata ruwa ba.