Amsa: Yadda makarantun Yukiren ke bikin harshensu

Malama, kin tambaya wace rana ce makarantun Yukiren ke ware wa harshensu, kuma me ake yi a ranar.

Babbar ranar ita ce ta rubutu da harshen Yukiren, wadda aka kafa a 1997. Da ana yin ta ran 9 ga Nuwamba, amma tun 2023 ta koma 27 ga Oktoba, saboda cocinsu ya sauya kalanda. Abin da ya fi burge ni shi ne shiftar rediyo da aka fara a 2000: a karanto nassi kai tsaye a gidan rediyon ƙasa, ɗalibai da malamai, har da na ƙetare, kowa ya ɗauki biro ya rubuta a lokaci guda. Ba jarrabawa ba ce, don haka yara ba sa ɗari-ɗari.

A 9 da 10 ga Maris kuma, ranakun haihuwa da rasuwar Taras Shevchenko, babban marubucin waƙoƙin Yukiren, ana gasar haddar waƙoƙinsa na littafin Kobzar (1840).

Dalilin wannan himma ba ɓoyayye ba ne. Daular Rasha ta taƙaita buga littattafai da harshen a 1863, ta ƙara tsananta haramcin a 1876.