Amsa kan amfisilin da ya daina aiki

Malam, ka tambaya ko jabu ne amfisilin da ka saya a ƙauyenku wajen Gumel, tunda bai yi wa yaronka aiki ba. Ba lallai ba. Wasu bakteriya na fitar da sinadarin beta-laktamas, mai tsinke zoben maganin, wato ɓangaren ƙwayarsa da ke kashe bakteriya, kafin ya taɓa su. Tun 1940 masana kimiyya Abraham da Chain suka gano wannan sinadari. A 1987 aka ga surarsa, bayan an daskarar da shi kamar ƙwayar gishiri an haska da eksire: akwai ɗan rami da maganin ke faɗawa. Canjin amino asid (tubalan da aka gina sinadarin da su) ɗaya ko biyu kan faɗaɗa ramin, har ya kama sababbin magunguna. Abin da ke damuna shi ne shan kafso don mura kawai, shi ke ba irin waɗannan bakteriya damar yaɗuwa. Don Allah kai yaron asibiti a gwada.